Daɓen gareji: Abin da ya kamata mai gida ya sani kafin ya zaɓi siminti, tayil, intalokin ko efoksi

A yawancin gidajen da ake ginawa a Malali da Unguwar Rimi da Unguwar Dosa da Kawo da sauran unguwannin arewacin Kaduna, gareji ne wuri na ƙarshe da ake waiwaya. Kafin aiki ya iso kansa kuɗi ya yi ƙasa, sai a shimfiɗa masa ragowar tayil ɗin falo, ko a yi masa siririn daɓe a shafe da fenti. Alhali kuwa duk faɗin gida babu daɓen da ke shan wahala irin nasa. Ƙaramar mota takan haura tan ɗaya, manyan jif-jif sukan kai tan biyu ko fiye, kuma duk wannan nauyi yana sauka ne a kan gurabe huɗu da kowannensu bai wuce faɗin tafin hannu da yawa ba. Ga ɗigar baƙin mai da man birki, ga zafin taya, ga taɓon damina da ƙurar hunturu.

Wanda ya yi kuskuren zaɓi yakan biya sau biyu: kuɗin aikin farko, da kuɗin fasa shi a sake wani. Wani lokaci asarar takan wuce ta daɓe, ta kai ga kayan da ɗan kasuwa ya ajiye danshi ya lalata su, ko tsohuwar da santsi ya kwashe a bakin ƙofa.

Tambayoyi huɗu kafin a je kasuwa

Kafin a tambayi farashi, mai gida ya fara amsa wa kansa tambayoyi huɗu, domin a kansu zaɓin ya rataya.

Ta farko, garejin rufaffe ne mai bango da ƙyaure, ko rumfar mota ce da rana da feshin ruwa ke shiga? Abin da ya dace da ɗaya yakan lalace a ɗayan.

Ta biyu, ruwa na tasowa daga ƙasa? Kaduna tana samun ruwan sama da ya kai kimanin milimita 1,200 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba. Gidan da ke kan tudu mai jar ƙasa da marmara ba ɗaya yake da wanda ke kusa da fadama ko bakin Kogin Kaduna ba, irin gidajen Kabala Costain da ƙarshen titin Kigo da gangaren Unguwar Rimi, inda ambaliya ta sha shiga gidaje.

Ta uku, me ake yi a garejin ban da ajiye mota? A gidajen 'yan kasuwa da dama ya zama sito, ana jibge buhuna da katan-katan. A wasu gidajen nan ne ake canza mai, a ɗaga mota da jak, a ajiye baturan sola.

Ta huɗu, gidan na mutum ne ko haya yake yi? Ma'aikacin da za a iya yi wa canjin wurin aiki baɗi bai kamata ya zuba kuɗi a daɓen da ba zai tafi da shi ba.

Tushen aikin yana ƙarƙashi

Tayil da fenti da efoksi duk tufafi ne. Jikin da ake sa wa su shi ne kankaren da ke ƙasa, wanda magina ke kira jaman fulo. Idan ya motsa ko ya tsage ko ya jiƙe, duk abin da ke kansa zai bi shi.

Ana fara ne da cire ƙasar sama mai taushi, a cika da jar ƙasa ko burji kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa ana dannewa da inji, maimakon a juye tifa guda a baje ta lokaci ɗaya. Cikon da bai dannu ba shi ne ke zama bayan damina ɗaya ko biyu, daɓe ya lotsa daidai inda taya ke tsayawa. A kan cikon sai a shimfiɗa leda mai kauri, a ɗora bakin wata kan wata ba tare da huji ba, domin ta tare danshi. Wannan leda tana cikin abubuwa mafi araha a aikin, kuma ba a iya sa ta bayan an zuba kankare.

Kaurin kankaren kada ya gaza santimita 10, wato inci huɗu, ga motar gida. Idan motar kaya za ta riƙa shiga, a kai shi santimita 15, a kuma sa ragar ƙarfe a tsakiyarsa. Haɗin da aka saba da shi shi ne kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Simintin da ke kasuwa, na Dangote ko BUA ko Ashaka, yana ɗauke da lambar ƙarfinsa a jikin buhu, 32.5 ko 42.5, kuma na biyun ya fi dacewa da wurin da zai ɗauki nauyi. Yashin ya kasance mai kaifi, wanda babu laka a cikinsa. A hana lebura yawaita ruwa don kwaɓin ya yi saukin juyawa, domin ruwan da ya wuce kima shi ne ke rage ƙarfin kankare, ya sa samansa ya riƙa fitar da gari.

Ga misalin lissafi. Garejin mota ɗaya mai faɗin mita 3 da tsawon mita 6 yana da murabba'in mita 18. A kaurin santimita 10, da haɗin da aka ambata, zai ci buhun siminti 11 zuwa 12 masu kilo 50. Birkilan da ya ce buhu shida sun isa, ko dai zai rage kauri ko zai rage siminti.

Daɓen ya ɗan gangara zuwa ƙofa da santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, ya kuma ɗara tsakar gida da titi tsayi. Wannan ya shafi musamman gidajen da aka ɗaga titin gabansu lokacin gyaran hanyoyin birnin, har ƙofar gida ta koma ƙasa da lambatu. A irin wannan hali, magudanar ruwa mai murfin ƙarfe a bakin gareji ta fi kowane irin tayil amfani.

Sai shayarwa. Sabon kankare yana bukatar ya zauna a jiƙe na aƙalla kwana bakwai, kuma sai bayan kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa. A hunturu da kuma zafin Maris da Afrilu, iskar Kaduna takan busar da samansa cikin sa'o'i, ya yi tsaga-tsaga. Don haka a zuba shi da sassafe ko da yamma, a rufe da jiƙaƙƙun buhuna ko leda. A kuma yanka masa layi duk bayan mita uku ko makamancin haka, domin idan zai tsage ya bi layin. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka ruwa da mai suke yi wa daɓe.

Gwajin danshi

Wanda ya riga ya sami daɓe a gidan yana iya gwada shi da kansa. A yanko leda mai faɗin santimita 45 kowane ɓangare, a shimfiɗa a kan daɓen, a liƙe bakinta duka da salatif, a bar ta sa'a 16 zuwa 24. Idan aka ɗaga aka ga raɓa a cikinta, ko wurin ya yi duhu, to ruwa na tasowa daga ƙasa. A yi gwajin a wurare biyu ko uku, har da kusurwar da ta fi nisa da ƙofa.

Lokacin gwajin yana da muhimmanci. Daɓen da ya bushe ƙayau a Fabrairu yana iya zufa a Satumba, saboda haka sakamakon tsakiyar damina ne abin dogaro. Farin gishirin da ke fitowa a gindin bango, da fentin da ke kumbura, su ma alamu ne. Idan daɓe ya faɗi wannan gwaji, kada a sa masa fenti ko efoksi sai an magance ruwan.

Daɓen siminti zalla

Wannan shi ne mafi araha, kuma idan an yi shi da kyau yakan daɗe fiye da yadda ake zato. Hanya mafi inganci ita ce a goge saman kankaren tun yana ɗanye, ya zama jiki ɗaya. Siririn filastan da ake ɗorawa daga baya, mai kaurin yatsa, shi ne wanda ke ɓamɓarewa a ƙarƙashin taya.

Illarsa biyu ce: yana shan mai ya bar tabo, kuma yana tayar da gari. Ana rage duka biyun da ruwan magani mai ƙarfafa siminti, wanda ke shiga cikin ƙofofinsa ya toshe su, ko da garin ƙarfafa daɓe da ake barbaɗawa tun kankare bai bushe ba. Dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan siminti mata sukan daɓe ɗaki da tsakuwa da madaɓi, su yayyafa ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, don daɓen ya yi tauri ya daina ƙura.

Kada a goge shi ya yi sulɓi kamar madubi. A bakin ƙofa da kan gangara, a ja masa tsintsiya tun yana ɗanye domin taya da takalmi su sami abin kamawa.

Fenti

Fentin bango ba na daɓe ba ne, ko da mai mai ne. Akwai fentin da aka yi musamman don daɓe, yana da sauƙin shafawa, yana hana ƙura, amma siriri ne. Tayar da ta yi zafi a kan titi, idan ta tsaya a kansa ta huce, takan kama shi ta ɗago shi. Shi ya sa ake ganin gurabe huɗu da suka ƙwaile a garejin da aka yi wa fenti. Ya dace da garejin da aka mayar sito ko wurin ajiye babur, matuƙar mai gida ya yarda zai riƙa sabunta shi lokaci-lokaci.

Efoksi

Efoksi shi ne daɓen nan mai sheƙi marar gaɓa da ake gani a asibitoci da masana'antu da wuraren sayar da motoci, wanda yanzu ya fara shiga gidaje. Yana zuwa ne a gwangwani biyu, ana haɗa su daidai awon da kamfani ya rubuta, su daskare su zama fata mai tauri. Ba ya shan mai, yana jure nauyi, kuma tsumma ɗaya ya isa a goge shi.

Sai dai yana da sharuɗɗa. Kankaren ya kasance ya cika kwana 28, ya bushe, babu mai a jikinsa. Dole a kankare samansa da inji har ya yi kaushi, a cike tsagogi, a shafa ruwan farko kafin babban shafi. Mafi yawan efoksin da ya ɓare, gaggawa aka yi a wannan mataki. Ruwan da ke tasowa daga ƙasa ba ya samun hanyar fita ta cikinsa, sai ya tura shi ya yi ƙuraje ya ɗaye. Hasken rana yana sa shi ya koma rawaya ya dushe, don haka bai dace da buɗaɗɗiyar rumfa ba sai an rufe shi da wani shafi mai jure rana. Idan ya jiƙe yana da santsi ƙwarai, sai an barbaɗa masa yashi mai laushi a shafin ƙarshe.

Yanayin Kaduna ma yana da ta cewa. A tsananin zafi, haɗin yakan fara daskarewa tun yana cikin bokiti. A hunturu, ƙurar da ta sauka a kansa kafin ya bushe ta zauna ke nan. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, a rufe ƙofa da tagogi daga ƙura amma a bar hanyar iska ga masu aiki. Mota kada ta hau sai bayan kusan mako guda.

A lura da cewa ana sayar da wani fenti na gwangwani ɗaya da sunan efoksi. Wannan fenti ne, kuma hukuncin fenti ne ke kansa.

Tayil

Tayil ne zaɓin da ya fi yawa a gidajen birni, saboda ana samunsa ko'ina, na waje da wanda ake yi a masana'antun jihohin Kogi da Ogun, ga kuma masu sa shi da yawa. Matsalar ita ce ba kowane tayil ne na mota ba. Mai sheƙin falo yana da santsi, kuma na bango ba ya ɗaukar nauyi ko kaɗan.

Wanda ya dace shi ne nau'in fosilin, wanda aka gasa da wuta mai tsanani har ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba. A ɗiga ruwa a bayansa: idan ya tsotse nan take, ba shi ba ne. A jikin katan ɗin wasu kamfanoni akwai lambobi biyu masu amfani. Ta PEI tana nuna juriyar gogayya, kuma a nemi 4 ko 5. Ta R, daga R9 zuwa R13, tana nuna kaushi, kuma ga gareji a nemi R11 ko sama da haka.

Yadda aka sa shi ya fi ingancinsa tasiri. Wasu masu aiki sukan ɗora siminti dunƙule biyar, a kusurwoyi da tsakiya, su bar sauran bayan tayil ɗin fayau. A ɗaki wannan yana iya wucewa, amma a gareji taya za ta fasa shi. A tabbata gam ko siminti ya cika bayansa duka. Bayan kwana biyu mai gida ya bi da makulli yana ƙwanƙwasawa; duk wanda ya yi amo kamar ganga, a ɗaga shi a sake. A bar 'yar tazara tsakanin tayil da tayil, a cike da abin cikewa mai duhu don kada tabon mai ya nuna. Garejin murabba'in mita 18 zai ci tayil 50 masu faɗin santimita 60, a ƙara biyar saboda yanka, a kuma ajiye katan ɗaya, domin samun irin launin bayan shekara biyu yana da wuya. Duk lokacin da za a ɗaga mota, a sa katako a ƙarƙashin jak.

Intalokin

Ga rumfar mota da tsakar gida, intalokin ne ya fi dacewa. Ba ya santsi, rana ba ta cutar da shi, ruwa yana bi ta tsakaninsa, kuma idan za a gyara bututu ko wani wuri ya lotsa, sai a ɗaga a mayar. Shi ne kuma wanda ya fi jure wurin da ƙasa ke da danshi, tunda ba ya tare numfashin ƙasa.

Mai kaurin santimita 6 ya ishi motar gida; inda tankar ruwa ko motar kaya ke shiga, a sa mai 8. Ana shimfiɗa shi a kan cikon da aka danne sosai, da yashi ko garin dutse mai kaurin santimita uku zuwa biyar, a ɗaure gefensa da kankare don kada ya baje. Ingancinsa ya bambanta daga mai bugawa zuwa mai bugawa. A kankari gefensa da ƙusa: idan yana zubar da yashi, siminti ya yi kaɗan ko ba a shayar da shi ba.

Illarsa ita ce yana shan mai, ciyawa da tururuwa suna fitowa ta gaɓoɓinsa, kuma a inuwa yakan yi gansakuka a damina. A rufaffen gareji yana da wahalar shara, bai kuma dace da wurin ajiye buhuna ba.

Terazo

Terazo, wanda asalinsa daga Italiya ne, shi ne daɓen tsakuwar marmar da siminti da ake gogewa da inji, irin wanda har yau ake gani a tsofaffin ofisoshin gwamnati da makarantu da gidajen ma'aikata na Kaduna. Daɗewar waɗannan gine-gine ta isa shaida a kan ƙarkonsa. Yana ɗaukar nauyi, kuma idan ya dushe ana sake goge shi ya dawo sabo. Amma ruwan batir yana cin marmar, mai yana barin tabo idan ba a shafe shi da maganin toshewa ba, kuma ƙwararrun masu yin sa sun ragu. Wanda ya gaji gida mai terazo a gareji, gyara shi ya fi masa fasa shi.

Ga mai haya

Ledar ɗaki da kafet ba su da wuri a gareji: taya tana yaga su, ruwa yana kwanciya a ƙarƙashinsu. Abin da ya dace da ɗan haya shi ne tabarmar roba mai kauri ko tayil ɗin roba mai haɗewa, waɗanda zai naɗe ya tafi da su, tare da faranti a ƙarƙashin inji don tarar mai. A riƙa ɗaga su lokaci-lokaci a damina wurin ya sha iska. Duk aikin da zai zauna dindindin, a yi shi da yardar mai gida a rubuce, a kuma fayyace ko za a cire kuɗin daga haya.

Wane ne ya dace da wa?

Rufaffen gareji a kan tudu, wanda ya ci gwajin leda a damina: efoksi ko tayil fosilin mai kaushi. Buɗaɗɗiyar rumfa: intalokin ko kankare mai zanen tsintsiya. Gidan da ke kusa da kogi ko fadama: a fara da ɗaga daɓe da magudanar ruwa, sannan intalokin ko kankare zalla. Garejin da ya zama sito: kankare mai ledar hana danshi da maganin ƙura, kaya kuma a ɗora su a kan katako, nesa da bango. Wanda kuɗinsa bai kai ba: ya zuba abin da yake da shi a kankare mai kyau, ado ya biyo baya. Ana iya sa tayil ko efoksi a kan kyakkyawan kankare ko bayan shekara biyar.

Wajen ciniki da mai aiki

Farashin siminti da tayil yana sauyawa, don haka a nemi lissafi a rubuce bisa murabba'in mita, wanda ya raba kuɗin kaya da na aiki, ya kuma ambaci kauri da sunan kayan da yawan shafi. A nemi ganin aikin da mutum ya yi wanda ya shekara biyu mota na hawa, domin hoton ranar da aka gama aiki kowa yana da shi. A ga gwangwani ko katan a rufe kafin a buɗe, a duba ranar ƙarewar aikinsa. A riƙe wani kaso na kuɗin har sai an gwada: a zuba bokitin ruwa a ƙuryar gareji a ga inda ya nufa. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ta zama shaidar inganci.

Sauya daɓe kaɗai aikin cikin gida ne. Idan kuwa za a gina sabon gareji, ko a fito da shi zuwa bakin titi, ko a yi gangarar da za ta hau kan lambatu, a fara tuntuɓar hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, kafin a sayi ko buhu ɗaya.

Abu na ƙarshe bai shafi daɓe kai tsaye ba, amma ya shafi rai. Kada a tayar da janareta ko a bar mota tana aiki a rufaffen gareji, musamman wanda ke da ƙofa zuwa cikin gida. Hayaƙinsu yana ɗauke da iskar da ba ta da launi ko wari, wadda ta sha hallaka iyalai cikin barci. Jarkar fetur kuma a nisanta ta daga janareta da baturan sola, kuma duk man da ya zuba a tsane shi da yashi ko garin katako kafin a wanke wurin.